Sunayen Da Mahmud Ya Ara

Ranar wata Asabar bayan la'asar muka ƙulla yarjejeniya ni da Baba, a gindin darbejiyar tsakar gidanmu a unguwar Lamisula. Yana zaune kan tabarma yana gyara bakin wata hula da allura, ni kuma na durƙusa a gefe ina zuba masa shayi. Ba'ana ake ce wa mahaifina. Shekara arba'in ke nan yana sayar da huluna a Kasuwar Litinin, kuma ban taɓa ganin ya sayi kaya bai juya cikinsa ya duba ɗinki ba.

Sunana Mu'mina. Shekarata ashirin da bakwai, ƙannena biyu mata duk suna ɗakunan mazansu, don haka kun san irin kallon da ake yi mini a gidan biki. Gwaggona kullum sai ta kawo zancen ɗan wata ƙawarta da ke aiki a Abuja. Mama kuwa sai dai ta buɗe akwati ta fito da lafayoyin da take tara mini tun ina sakandare, ta turara su, ta sake ninkewa, ta yi ajiyar zuciya. Ni kuwa hankalina yana wurin Mahmud, mai rumfar POS a layin 'yan hatsi.

Baba ya ce shi ba zai tura kowa ya binciko masa Mahmud ba, domin mutumin kasuwa in ka tambaye shi halin maƙwabcinsa, ko dai ya yabe shi don kunya ko ya kushe shi don hassada.

"An ce aikinki a ofis tantance mutane ne," in ji shi. "To ki tantance naki. Wata uku na ba ki, kuma zan tare miki bakin gwaggonki. Amma da sharaɗi. Duk abin da kika gani, mai daɗi da marar daɗi, daga bakinki nake so in ji. Kada in tsince shi a kasuwa."

"In ban ga komai ba fa, Baba?"

"Sai in ce magabatansa su turo."

Na ce na yarda tun kafin ya rufe baki. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da kansa kan hular. Ni a raina cinikin nan riba ce zalla, domin me za a gani a jikin Mahmud? Mutumin da tsofaffin kasuwa ke kira ɗansu?

Bari in faɗa muku aikin nawa, don a cikinsa abin ya ɓullo. Ƙungiyarmu ƙarama ce, Sannu Da Jiki sunanta, ɗaki biyu a saman wani shagon magani a unguwar Hausari. Muna tara wa masu ciwon ƙoda kuɗin wankin ƙoda a asibiti, waɗanda in suka tsallake mako guda ƙafafunsu kan kumbura kamar tulu. Shugabarmu Hajiya Zainaba ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mace mai murya ƙasa-ƙasa wadda ba a maimaita mata magana. Sai Nicodemus, mutumin Biu, shi ne mai kula da shafinmu na intanet da fom ɗin da ake ba da gudummawa ta cikinsa. Ni ce mai amsa waya.

A watan da muka ƙulla yarjejeniyar ne wani ɗan garin nan da ke zaune a ƙasar waje ya yi mana alkawari. Ya ce shi ba yawan kuɗi yake son gani ba, yawan mutane. In mutum dubu daban-daban suka ba da ko da naira ɗari ce kafin ƙarshen wata, zai ɗauki nauyin wankin mutum ashirin na wata uku. Nicodemus ya sa adadin a saman shafi, kowa yana gani yana hawa.

Wata safiyar Talata, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, mutum ɗari uku suka shigo. Ɗari-ɗari kowa. Ni har na fara buga wa Mama in gaya mata, sai na ga Nicodemus ya dafe kai. Ya ce waɗannan ba masu sadaka ba ne, ɓarayi ne. Sun sato lambobin katunan mutane, suna gwada su a fom ɗinmu kamar yadda ɓarawo ke gwada makullai a kwaɗon da ba mai gadi. Wanda ya buɗe da ɗari, sai su tafi da shi wani wuri su kwashi dubbai. Kafin azahar kamfanin da kuɗin ke bi ta hannunsa ya aiko da gargaɗi, cewa in aka sake haka za su rufe shafin.

Aka mayar da kuɗin, aka goge sunayen, muka faɗo daga ɗari tara zuwa ɗari shida. Nicodemus ya sauya fom. Yanzu sai ka sa sunanka yadda yake a banki, da lambar wayar da banki ya san ka da ita, a turo maka wasu lambobi ka shigar, sannan kuɗi ya wuce. Wasu suka yi ƙorafi cewa sadakar ɓoye ta fi lada. Hajiya ta ce sunan ba zai fito a shafi ba, mu uku kaɗai za mu gani, kuma wanda ke tsoron mu san shi Allah ya riga ya san shi. Sannan ta ƙara nata dokar, cewa duk mai bayarwa, tsoho da sabo, in kira shi da bakina, in gode masa, in tambaye shi ko shi ne ya bayar. A cewarta na'ura lamba take ganewa, mutum kuwa sai kunne.

Ranar da muka faɗo ɗari shida na yi wa Mahmud kuka a waya. Bayan sallar magariba saƙonsa ya shigo: "Share hawayenki, Mu'mina. Kasuwa ba ta rasa mutane. Dubu za ta cika in sha Allah." Na karanta shi ya fi sau goma. Zancen kiran waya kuwa ban gaya masa ba, ba don ɓoyo ba, kawai bai zo a hira ba.

Adadi ya fara hawa, goma yau, ashirin gobe. Ni kuma ina bin jerin daga sama, mutum hamsin a yini in layi ya yi kyau, don haka sai da na kwashe mako biyu kafin in iso kan sababbin. Ranar da na iso kansu adadi yana dubu ɗaya da goma sha huɗu, saura kwana huɗu wata ya ƙare. Hajiya har ta sayo mana lemo.

Ta farko da na kira, hayaniyar kasuwa ce a bayanta. Na gode mata, ta ce wace sadaka? Na ɗauka mantuwa ce. Ta biyu ta yi dariya ta ce ita ko karatun saƙo ba ta iya ba, katinta ma yana wurin ɗanta Mahmud mai POS, in tambaye shi. Ta uku ta faɗi haka. Ta huɗu ta faɗi haka.  Na ce a raina ai Mahmud suna ne, garin nan akwai su ɗari. Ta biyar da na kira sai ta tambayi inda ofishinmu yake.

Ba a yi awa ɗaya ba ta hawo benen tana hutawa a kowace taka. Tsohuwa ce doguwa cikin lafaya ruwan ƙasa da ta sha wanki, ƙamshin turaren wutar da take sayarwa ya riga ta shigowa. Ta ce sunanta Ya Gana. Muka gaisa, na ba ta kujera, ta ƙi karɓar ruwa.

Mijinta yana kwance shekara biyu, ɓarin jikinsa ya shanye. A makon da ya wuce likita ya ƙara masa wani magani, ta ce masa a dakata sai ta yi ciniki, babu kuɗi a hannunta. Kashegari babban ɗansa ya ɗauki wayarta zai duba mata wani abu, ya ci karo da saƙonmu na godiya, ya karanta a gaban uban da ƙarfi.

"Ba ɗarin ba ce, 'yata," ta ce. "Cewa ya yi, wadda ta ba da ɗari a inda aka kama ta, nawa ta bayar a inda ba a kama ta ba? Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɓoye masa ko allura ba. Yau kwana huɗu bai ci abinci daga hannuna ba."

Ta ce ta rantse, bai yarda ba, domin ga sunanta a rubuce. Abin da ta zo nema kawai shi ne wani daga cikinmu ya bi ta gida ya faɗa masa ba ita ba ce. Na tambaye ta wa ke riƙe mata kati. Ta faɗi sunan, ta faɗi layin, har da launin lemar da ke kan rumfar.

Na ɗauki mayafi na tari keke. Rana tana tsaka, kasuwa ta cika, na bi ta tsakanin buhunan gero da wake har na hango shi. Yana sanye da farar shadda da na taɓa ce masa tana yi masa kyau, da hular da ya saya a wurin Baba don neman shiga. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya share mini benci da hannun riga. A gefen na'urarsa akwai gwangwanin alewa cike da katuna, kowanne an liƙa masa takarda da sunan mai shi. Haka ake yi a layin. Tsohuwa ta ba shi kati, ta faɗa masa lambar sirri, ta miƙa masa waya ya karanta mata abin da banki ya turo. Na sha ganin gwangwanin nan, kuma da alfahari nake kallonsa.

Ban zauna ba. Na ce masa Ya Gana ta zo ofis.

Bai yi gardama ba, wannan kam zan shaide shi. Ya rage murya ya ce in saurare shi. Duk wadda ta zo cire kuɗi, naira ɗari yake caja, hakkinsa ne. To tun ranar da na yi kuka ya daina sa ɗarin a aljihunsa. Sai ya cika fom da sunanta da lambarta, lambobin su shigo wayarta da ke hannunsa, ɗarin ta wuce ƙungiya. Mace ɗari biyu da goma sha uku.

"Ko sisin wata ban taɓa ba, Mu'mina. Guminna ne. Ni na yi asara, su suka samu lada."

"Ka tambaye su?"

"Wa zai ƙi lada?"

"Ka tambaye su, Mahmud?"

"In na tsaya yi wa kowace tsohuwa bayanin intanet, sai wata ya ƙare ban kai goma ba."

Na gaya masa abin da ke faruwa a gidan Ya Gana.  Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce zai je da kansa ya ba wa tsohon haƙuri, zai sayi maganin ma. Amma yana roƙona abu ɗaya, in yi shiru kwana huɗu. Kwana huɗu kacal, wata ya ƙare, mutumin waje ya turo, marasa lafiya ashirin su samu wanki. Bayan nan in yi duk abin da na ga dama da shi.

"Don ke na yi," ya ce. "Kuma in Baba ya ji, kin san shi."

Kada ku zaci na juya ne kamar jaruma na tafi. A cikin keke ina ta lissafi irin na shaiɗan. Kuɗin halal ne. Matan na gaske ne, ba aljanu ba. Ni kaɗai ke riƙe da jerin kira, in na rubuta an tabbatar a gaban kowane suna, ba wanda zai duba bayana. Na tuna Malam Yoila, malamin firamaren da ke zuwa ofis duk Litinin ya zauna yana kallon adadin a allo kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Shi ne na goma sha bakwai a jerin masu jiran wanki. Na ce wa mai keke ya wuce Hausari, sai kuma na ce ya dawo, har ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Da na hau bene, Ya Gana tana nan inda na bar ta, hannu biyu a kan gwiwa. In na yi shiru kwana huɗu, to kwana takwas ke nan mijinta zai yi yana kawar da kai daga kwanonta. Ba zan iya zuwa gidanta in wanke ta ba, sannan in bar sunanta a cikin dubu. Na wuce ɗakin Hajiya na rufe ƙofa.

Hajiya Zainaba ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta san da maganar Mahmud, don ita na fara nuna wa hotonsa. Ta ce wa Nicodemus ya cire sunayen duka, a mayar wa kowace ɗarinta. Nicodemus ya tambaya ko ba za a kira su yanzu a nemi yardarsu ba, wataƙila rabi su amince. Ta ce a'a, wadda aka riga aka ɗauke wa abu, in ka tambaye ta daga baya kunya ce za ta amsa, ba ita ba. Adadi ya sauko ɗari takwas da ɗaya muna kallo. Ta zauna ta rubuta wa mutumin waje gaskiyar abin da ya faru, ba ragi, sai dai ba ta ambaci suna ba. Sannan ta yafa gyale ta ce wa Ya Gana su tafi, ita da kanta za ta yi wa tsohon bayani.

Ni kuma na nufi gida, don na san kasuwa ba ta kwana da magana.

Na tarar da Baba ya dawo yana alwala a bakin rariya. Na jira ya yi la'asar, ya zauna, sannan na durƙusa na faɗa masa komai. Na faɗi na Ya Gana, na faɗi na kwana huɗun da aka roƙe ni. Na kuma faɗi cewa kuɗin nasa ne, kuma bai yi mini ƙarya ba da na tambaye shi, domin yarjejeniyar ta ce mai daɗi da marar daɗi. Mama tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, burabiskon da ke kan wuta har ya fara kamawa ba ta motsa ba.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Ya ce yaron ba ɓarawo ba ne, kuma duk wanda ya kira shi haka a gabansa za su ɓata. Ya ce ɓarawo ma da sauƙi, don shi ya san abin da yake yi ba kyau, kana iya tsoratar da shi.

"Amma mutumin da ya tabbata alheri yake yi miki, shi ba ya tambaya. Yau sunan tsofaffi ya ɗauka don su samu lada. Gobe aikinki zai ajiye miki don ki huta. Jibi ya sayar da filinki don ya ga riba. Kuma kowane lokaci zai ce don ke ya yi, kuma gaskiya ya faɗa."

Na ce, "Baba, zai iya gyarawa."

Ya ce zai iya, ai yaro ne. Amma shi ba zai ce magabata su turo ba a bana. Bai ce har abada ba, bai kuma ce baɗi ba. Ya ce alkawarinsa na tare bakin gwaggo yana nan, tunda na cika nawa, ba wanda zai kawo mini ɗan Abuja ko ɗan ko'ina. Ya miƙa mini kofinsa in ƙara masa shayi, na ƙara masa.

Wata ya ƙare muna da ɗari takwas da sittin. Mutumin waje ya amsa cewa alkawari na dubu ne, amma saboda wasiƙar Hajiya zai ɗauki mutum takwas. Na daina amsa kiran Mahmud. Saƙonninsa suna nan goma sha ɗaya ban buɗe ba. Labari ya zo mini ta bakin Mama cewa ya bi layin 'yan hatsi rumfa-rumfa yana mayar da katuna yana faɗin abin da ya yi, wasu suka yafe suka bar masa, da yawa suka karɓe suka koma wurin na bakin ƙofar kasuwa.

Yau da safe Nicodemus ya ajiye mini jerin sababbin da zan kira gobe, bai dube ni ba. Mutum bakwai ne. Na huɗu Mahmud ne, da cikakken sunansa na banki da lambarsa, naira ɗari. Dokar Hajiya ba ta ware kowa ba, kuma ni ce mai kira.

To ga yadda cinikin ya tashi, ku auna da kanku. Ya Gana ta ci riba, mijinta ya karɓi kunu daga hannunta a gaban Hajiya. Ɓarayin kati sun rasa ƙofa. Marasa lafiya takwas sun samu, goma sha biyu sun rasa, kuma Malam Yoila yana cikin sha biyun, ya zo ranar Litinin ya gaishe ni kamar kullum, na kasa haɗa ido da shi. Mahmud ya rasa rabin gwangwaninsa da shekara guda, in ma shekara ce. Baba bai rasa komai ba, ya duba cikin kaya bai kashe ko kwabo ba. Ni kuwa na fita da gaskiyata a wurin mahaifina, na rasa aurena na bana, kuma har yanzu ban san wanne ya fi nauyi ba, domin lambar da na haddace tun bara tana kan teburina, kuma ƙarfe tara na safe ake fara kira.